Raba Da'ira Daidai a Aikin Ƙarfe

Kowane yaro ya san noti. Akwai shi a jikin keke, da amalanke, da keken ɗinki, da injin niƙa. Idan aka ɗauki noti aka duba shi da kyau, za a ga yana da gefe shida, kuma duk shidan faɗinsu ɗaya ne. Shi ya sa sufana take kama shi ta kowane gefe. Da wani gefe ya fi sauran faɗi, da sufana ba ta shiga ba, ko kuwa ta shiga ta riƙa zamewa.

Haka kuma faifan da sarƙar keke take hawa. Haƙoransa suna jere kewaye da shi, tazarar da ke tsakaninsu duk ɗaya ce. A cikin agogo ma akwai irin waɗannan faya-fayai masu haƙora, ƙanana ƙwarai, kowane yana tura ɗan'uwansa.

Mai zanen ƙwarya yana raba zanensa da ido. Idan wani gida ya ɗan fi wani faɗi, ba ya hana a sha fura a ƙwaryar. Ƙarfen inji kuwa ba ya yafe irin wannan kuskure. Haƙori ɗaya da ya kauce daga wurinsa yana iya tsayar da agogo, ko ya karya haƙorin da ke shiga cikinsa. Saboda haka ne masu aikin ƙarfe suke amfani da wata na'ura wadda aikinta ɗaya ne tak: ta raba da'ira kashi-kashi daidai. Sunanta na'urar rabo. Da faransanci ana ce da ita diviseur.

Masu aikin ƙarfe domin sha'awa

A Ingila da Amurka da Jamus da Faransa akwai mutanen da suke aikin ƙarfe ba domin neman kuɗi ba. Wani malamin makaranta ne, wani likita, wani kuma ya tsufa ya bar aiki. Kowane yana da ɗan shago a cikin gidansa. Da maraice ko ranar hutu sai ya shiga ya ƙera agogo, ko ƙaramin inji mai aiki da tururi, ko ɗan kan jirgin ƙasa wanda yake iya jan yara a kan ƙaramin dogo. A birnin Landan, tun shekarar 1898 wani mutum mai suna Percival Marshall ya fara buga musu mujalla, Model Engineer, inda suke koya wa juna dabaru.

A ma'aikata, idan ƙarfe ɗaya ya lalace ana jefar da shi a ɗauki wani. Mai sha'awa ba haka yake ba. Sau da yawa guntun tagulla ɗaya gare shi, da kuɗin aljihunsa ya saye shi, kuma ya yi kwanaki yana gyara shi. Dole ne ya iya lissafi kafin ya taɓa inji.

Injuna biyu ne manya a irin wannan shago. Na farko yana juya ƙarfe, wuƙa tana tsaye tana fere shi har ya zama mulmulalle. Wannan shi ne injin fira. Na biyu kuwa wuƙar ce take juyawa, ƙarfen yana ɗaure a kan teburin injin. Ana tura teburin hagu ko dama, gaba ko baya, wuƙa tana cin ƙarfen kaɗan kaɗan. Wannan shi ne injin sassaƙa, wanda ake kira fraiseuse da faransanci.

Injin sassaƙa ya iya yanka miƙaƙƙen layi, amma bai iya juya ƙarfe ba. Idan ya gama gefe ɗaya, sai an juya masa ƙarfen kafin ya yanki na biyu. A nan ne na'urar rabo take shigowa. Ana ɗaure ta a kan teburin injin. Ita take riƙe ƙarfen da bakinta, ita take juya shi gwargwadon yadda ake so, ita kuma take tsare shi kada ya motsa lokacin yanka.

Rabo na kai tsaye

Da'ira tana da digiri 360. Idan za a raba ta gida shida, kowane gida digiri 60 ke nan. Idan gida huɗu ne, digiri 90.

Na'urar rabo mafi sauƙi tana da sanda a tsakiya. A gaban sandar akwai bakin da ke riƙe ƙarfe. A jikinta kuma an ɗaura wani faranti mai ramuka 24 a kewaye, tazararsu ɗaya. Akwai wani tsinken ƙarfe da ke shiga ramin ya kulle sandar. Daga rami zuwa rami digiri 15 ne, domin 360 a raba 24 ya ba da 15.

Ga misali. Mutum yana so ya yi kan ƙusa mai gefe shida wanda sufana mai lamba 17 za ta kama. Ya sami mulmulallen ƙarfe mai kaurin milimetir 20. Daga 20 a cire 17, saura 3. Amma gefe biyu ne suke fuskantar juna, saboda haka a kowane gefe rabin 3 za a cire, wato milimetir 1,5.

Sai ya sa ƙarfen a bakin na'ura ya ɗaure. Ya sauko da wuƙa har ta taɓa ƙarfen, sannan ya ƙara milimetir 1,5, ya yanki gefen farko. Sai ya tsayar da inji, ya zare tsinke, ya juya faranti. Rami nawa zai wuce? 24 a raba 6 ya ba da 4. Ya ƙirga rami huɗu, ya mayar da tsinke, ya yanki gefe na biyu. Haka zai yi ta yi har shida. Mai hankali yakan fara yankan gefe biyu masu fuskantar juna, ya auna ya ga ko 17 ya samu, kafin ya ci gaba da sauran.

Faranti mai rami 24 yana raba da'ira gida 2, 3, 4, 6, 8, 12 ko 24. Ba ya iya gida 5, ba ya iya 7, domin 24 ba ya rabuwa da su ba tare da saura ba. Wanda yake son waɗannan sai ya nemi na'urar da ta fi wannan.

Sirrin lamba 40

Babbar na'urar rabo tana da hannu a gefe, irin na injin markaɗe, wanda ake juyawa. A cikinta akwai abu biyu. Na farko faifai ne mai haƙora 40, yana manne da sandar tsakiya. Na biyu wani murɗaɗɗen ƙarfe ne mai kama da sukuru, yana kwance a jikin haƙoran. Faransawa suna kiran shi vis sans fin, wato sukuru marar ƙarshe, domin kome yawan juyin da ya yi yana nan wurinsa.

Duk lokacin da aka juya hannu sau ɗaya, sukurun yana tura haƙori ɗaya tak. Sai an juya hannu sau 40 kafin sandar tsakiya ta yi zagaye ɗaya cikakke. Juyi ɗaya na hannu daidai yake da digiri 9, domin 360 a raba 40 ya ba da 9.

Daga nan ne ƙa'idar ta fito. Ita ce kuwa: a raba 40 da yawan gidajen da ake so. Abin da ya fito, shi ne yawan juyin hannu tsakanin yanka da yanka.

Gida 5: 40 a raba 5, juyi 8.
Gida 8: 40 a raba 8, juyi 5.
Gida 10: 40 a raba 10, juyi 4.
Gida 20: 40 a raba 20, juyi 2.

Waɗannan duk masu sauƙi ne, domin babu saura. To, amma gida 6 fa? 40 a raba 6 ya ba da 6, saura 4. Wato juyi 6 da kashi 4 bisa 6, wanda yake daidai da 2 bisa 3. Juyi shida ba wuya. Amma ta yaya hannun mutum zai san inda kashi biyu bisa uku na juyi ya tsaya?

Faranti mai sahun ramuka

Amsar tana bayan hannun na'urar. A can akwai wani faranti wanda ba ya juyawa. An huda masa ramuka sahu-sahu, kowane sahu da'ira ce, ƙarama a cikin babba, kamar ɗinkin faifan rufe ƙwarya. A ƙarshen hannun akwai tsinke wanda ake iya matsar da shi ya dace da sahun da ake so.

Na'urori da yawa suna zuwa da faranti uku. Na farko yana da sahu masu rami 15, 16, 17, 18, 19 da 20. Na biyu yana da 21, 23, 27, 29, 31 da 33. Na uku yana da 37, 39, 41, 43, 47 da 49.

Aikin mai inji shi ne ya nemi sahun da yake rabuwa da lambar ƙasa ta kashin da ya samu. A misalin gida 6, kashin 2 bisa 3 ne. Sahu mai rami 15 yana rabuwa da 3. Kashi ɗaya bisa uku na 15 shi ne 5, kashi biyu kuwa 10. Saboda haka tsakanin yanka da yanka za a yi juyi 6, a ƙara rami 10 a sahu mai 15. Da sahu mai 18 aka zaɓa, da rami 12 za a ƙara. Duk ɗaya ne, domin 10 bisa 15 da 12 bisa 18 da 2 bisa 3 abu guda ne.

Ga gida 7. Da ma'aunin digiri wannan yana da wuya ƙwarai, domin 360 ba ya rabuwa da 7. Ana samun digiri 51 da ɗoriya marar ƙarewa. Amma na'urar rabo ba ta damu ba. 40 a raba 7 ya ba da 5, saura 5, wato juyi 5 da 5 bisa 7. Sahu mai rami 21 yana rabuwa da 7. An ninka 7 sau uku aka sami 21, sai a ninka 5 ma sau uku a sami 15. Amsa: juyi 5 da rami 15 a sahu mai 21. Babu ragi, babu ƙari.

Da waɗannan faranti uku ana iya raba da'ira kowane gida daga 2 har 50. Daga 51 sai a fara samun lambobin da suka gagara, kamar 51 ɗin kanta, da 53, da 127. Su sai an ƙara wa na'urar wasu faya-fayai masu haƙora, ko a huda sabon faranti.

Ƙirga ramuka sau da yawa yana gajiyar da ido. Saboda haka an sa wasu yatsu biyu na ƙarfe a kan farantin, masu buɗewa kamar almakashi. Ana buɗe su daidai yawan ramukan da ake so, a ɗaure. Yatsa ɗaya yana jingine da tsinke, ɗayan yana nuna ramin da za a tsaya. Da zarar tsinke ya shiga sabon rami, sai a juyo yatsun su sake jingina da shi, su jira juyi na gaba.

Yadda rami ɗaya yake ɓata aikin mako

A ce wani mai sha'awa yana so ya yanka faifai mai haƙora 30. Da farko zai zaɓi girman haƙori. Ana auna wannan da wata lamba da ake kira modil. Faya-fayai biyu ba sa aiki tare sai modil ɗinsu ya zama ɗaya. A ce ya zaɓi modil 2. Domin ya san faɗin ƙarfen da zai fere, sai ya ƙara 2 a kan yawan haƙora, ya ninka da modil: 30 da 2 sun zama 32, sau 2 ya zama milimetir 64. Zurfin kowane yanka kuwa modil sau 2,25 ne, wato milimetir 4,5.

Ya fere ƙarfen a injin fira, ya huda tsakiyarsa, ya ɗora shi a kan na'urar rabo. Ya daidaita wuƙa ta tsaya a tsakiyar ƙarfen sosai, domin idan ta karkata duk haƙoran za su jirkice gefe ɗaya. Sannan ya yi lissafi: 40 a raba 30 ya ba da juyi 1 da 1 bisa 3. A sahu mai rami 18, kashi ɗaya bisa uku rami 6 ne.

A nan ne sabon hannu yakan faɗa tarko. Yana buɗe yatsun sai ya fara ƙirga daga ramin da tsinke yake ciki: ɗaya, biyu, uku, har shida. Ya manta cewa ramin da tsinke yake ciki ba a ƙirga shi. Wurin tashi ne. Wanda yake tsaye a kan kunya ta farko, idan aka ce ya tsallake kunya shida, a kan ta bakwai zai tsaya. Haka yatsun ma, rami bakwai ya kamata su rungume: na tsinke ɗaya, da shida na tafiya. Shi kuwa mutumin nan rami biyar kawai yake wucewa.

Mene ne girman wannan kuskure? Juyi ɗaya digiri 9 ne. A sahu mai 18, kowane rami rabin digiri ke nan. Ya kamata ƙarfen ya riƙa juyawa digiri 12, amma digiri 11,5 yake yi. A jikin wannan faifai, rabin digiri bai wuce kashi ɗaya bisa huɗu na milimetir da ɗan kaɗan ba. Ido ba ya gani. Haƙori na farko ya yi kyau, na biyu ya yi kyau, na ashirin ma haka. Mutumin yana ta murna.

Amma kuskuren yana taruwa. Rabin digiri sau 30 ya zama digiri 15, wato kusan milimetir 8. Sa'ad da ya gama yanka na talatin, sai ya tarar bai iso wurin da ya fara ba. Wani ƙaton dunƙulen ƙarfe ya rage tsakanin yankan ƙarshe da na farko. Ba a iya gyara shi, domin ƙarfen da wuƙa ta ci ba ya komawa. Faifan ya tashi aiki, sai dai a sake sabo.

Abin lura shi ne na'urar ba ta yi laifi ba. Abin da aka ce ta yi, shi ta yi. Ita ba ta san lissafi ba, mai ita ne ya kamata ya sani.

Dokokin da gwanaye suke bi

Ta farko: a rubuta lissafin a takarda, a sake duba shi. Akwai hanyar gwaji mai sauƙi. A misalin da ya gabata, juyi ɗaya rami 18 ne, a ƙara 6 ya zama 24. A ninka 24 sau 30, an sami 720. A ninka 18 sau 40, nan ma 720. Idan lambobin biyu suka zo ɗaya, lissafi ya yi daidai.

Ta biyu: a yi zagayen gwaji kafin a yanka. Ana shafa wa bakin ƙarfen tawada, a bar wuƙa ta ɗan karce shi kawai a kowane gida. Idan an zagayo, dole karcen ƙarshe ya faɗa kan na farko. Sannan a ƙirga karcen. Wannan yana cin ƴan mintoci, amma yana ceton aikin kwanaki. Rigakafi ya fi magani.

Ta uku: kullum a juya hannu gefe ɗaya. Tsakanin sukuru da haƙoran faifai akwai ɗan sako-sako, wanda in babu shi ba za su iya motsi ba. Idan aka juya baya, hannu yakan yi ɗan tafiya kafin sanda ta fara motsi. Saboda haka wanda ya zarce ramin da yake nufi, kada ya dawo kaɗan ya cusa tsinke. Ya koma baya kamar rabin juyi, sannan ya sake tahowa a hankali.

Ta huɗu: a kulle sandar tsakiya kafin kowane yanka, a kwance ta kafin kowane juyi. Idan ƙarfen dogo ne, a tokare ɗaya ƙarshen da tsini domin kada ya yi rawa.

Ta biyar: kada a yi hira lokacin ƙirga. Wanda aka kira shi yana tsakiyar juyi, ya ƙarasa tukuna. Wasu suna jan layi a takarda bayan kowane haƙori domin kada su rikice.

Ta shida ta shafi lafiyar jiki, kuma ta fi duka. Wuƙar injin ba ta bambanta ƙarfe da yatsa. A janye ƙarfe daga wuƙa, a tsayar da inji, kafin a kai hannu. A sa tabarau saboda ɓarɓashin ƙarfe mai tsalle. Ba a matsowa kusa da inji da babbar riga, ko rawani mai jela, ko gyale, ko safar hannu, domin inji yana iya fizgar su ya jawo mutum. Ɓarɓashi kuwa da buroshi ake share shi, ba da hannu ba, ba a kuma hura shi da baki.

Daga ina dabarar ta fito?

Masu ƙera agogo a Turai sun daɗe suna amfani da faranti mai sahun ramuka domin yanka haƙora. Wajen shekarar 1775, wani maƙerin kayan awo na Landan mai suna Jesse Ramsden ya kammala wata na'urar rabo wadda ta yi suna. Faifanta yana da haƙora 2160, kuma sukuru ne yake tura shi. Juyi shida na sukurun digiri ɗaya ne, domin 360 sau 6 shi ne 2160. Da ita aka riƙa zana ma'aunin kayan da matuƙan jirgin ruwa suke auna tsayin rana da taurari domin su san inda suke a teku. A wurinsu, ƙaramin kuskure a jikin ma'auni yana iya zama kilometir da yawa a kan ruwa.

A shekarar 1862, a garin Providence na Amurka, kamfanin Brown & Sharpe ya fitar da injin sassaƙa wanda Joseph Brown ya ƙirƙira, haɗe da na'urar rabo. An fara yin shi ne domin yanka murɗaɗɗiyar kwarin da ke jikin ƙarfen huda. Jerin ramukan faranti uku da aka ambata a sama, da sunan wannan kamfani aka san shi har yau.

A zamanin yanzu wasu masu sha'awa suna cire hannun na'urar su sa ɗan inji mai aiki da lantarki wanda yake tafiya taki-taki. Da yawa daga cikin irinsa taki 200 suke yi a juyi ɗaya. Sau 40 ya zama taki 8000 a zagayen sanda. Ƙaramar kwamfuta ce take raba wannan lamba da yawan haƙora. Ramuka sun tafi, amma lissafin rabawa yana nan yadda yake.

Dabarar wanda ba shi da na'ura

Na'urar rabo tana da tsada, kuma ba kowane mai sha'awa ne yake da ita ba. Wasu sukan ɗauki tsohon faifai mai haƙora su ɗaura shi a bayan sanda, su sa wani ɗan ƙarfe mai tsini ya riƙa shiga tsakanin haƙoran. Faifai mai haƙora 60 yana ba da gida 2, 3, 4, 5, 6, 10, 12, 15, 20, 30 da 60. Faifan keke mai haƙora 48 yana ba da 2, 3, 4, 6, 8, 12, 16, 24 da 48.

Akwai kuma wata dabara wadda ake iya gwadawa a cikin aji, ba inji, ba wuƙa. A sami ƙaramin gwangwanin tumatir. A yanki siririyar takarda, a naɗa ta a jikinsa, a yanke ta daidai inda bakinta biyu suka haɗu. Tsawon takardar shi ne tsawon kewayen gwangwanin.

A ce ana so a raba shi gida bakwai. A buɗe kaye, a zaɓi wani babban layi a kira shi sifiri. A ƙirga manyan layuka 14 zuwa ƙasa. A kwantar da takardar a karkace, kusurwarta ɗaya a kan layin sifiri, ɗayar ta wannan gefen a kan layi na 14. A sa alama a bakin takardar duk inda ta ƙetare layi na 2, na 4, na 6, na 8, na 10 da na 12. Tun da tazarar layukan kaye ɗaya ce, takardar ta rabu gida bakwai daidai. A mayar da ita jikin gwangwani a manne. An raba da'ira gida bakwai ke nan.

Ɗalibin da ya iya gane cewa 2 bisa 3 da 12 bisa 18 abu ɗaya ne, ya riga ya riƙe babban abin da ake bukata wajen aiki da na'urar rabo. Sauran kuwa natsuwa ce, da ƙirga rami ɗaya bayan ɗaya, da duba aiki kafin wuƙa ta sauka.

Sababbin kalmomi

Injin fira: injin da ke juya ƙarfe, wuƙa tana fere shi.
Injin sassaƙa: injin da wuƙarsa ke juyawa, ƙarfe yana ɗaure a kan tebur.
Na'urar rabo: na'urar da ke riƙe ƙarfe ta juya shi kashi-kashi daidai.
Sahu: jerin ramuka masu yin da'ira a jikin faranti.
Modil: lambar da ke nuna girman haƙorin faifai.

Tambayoyi da aiki

1. Me ya sa gefen noti shida suke da faɗi ɗaya?
2. A faranti mai rami 24, rami nawa za a wuce domin a yi gefe 8?
3. Me ya sa faranti mai rami 24 ba ya iya raba da'ira gida 5?
4. Juyi ɗaya na hannun babbar na'ura digiri nawa ne? Ta yaya aka samo wannan lamba?
5. A lissafa juyi da ramukan da ake bukata domin gida 12, a sahu mai rami 15.
6. A lissafa juyi da ramukan da ake bukata domin gida 9, a sahu mai rami 18.
7. Ana so a yanka faifai mai haƙora 24 da modil 2. Milimetir nawa ne faɗin ƙarfen da za a fere?
8. Me ya kamata mutum ya yi idan ya zarce ramin da yake nufi?
9. A ƙirga haƙoran babban faifan wani keke, a rubuta duk gidajen da ake iya raba da'ira da shi.
10. A raba kewayen gwangwani gida biyar ta hanyar takarda da layukan kaye.